Kes ɗina da sanyi amma Pi yana kai digiri 82, ina matsalar take?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Raspberry Pi 4, 'yar ƙaramar kwamfutar nan mai allo ɗaya, da nake bari a kunne dare da rana, yana tare min tallace-tallacen intanet da manhajar Pi-hole, kuma ina ajiye hotuna a kansa. Da can yana cikin kes ɗin roba mai 'yar fanka, sai fankar ta fara wani kuka kamar sauro a bakin kunne, ga shi kuma a ɗakin da nake kwana yake. Na gaji na cire, na sa shi a kes ɗin alminiyam irin wanda ba shi da fanka, wanda aka ce jikinsa ne ke ɗebe zafin. Yau kwana huɗu ke nan. Idan na taɓa kes ɗin, ɗumi ne kaɗan, har na ji daɗi na ce abin ya yi. Amma da na buga vcgencmd measure_temp, umarnin da ke nuna zafinsa, sai na ga digiri 68 alhali ba ya aikin komai, kuma da na fara kwafar hotuna ya haura 82. To wa zan yarda da shi, hannuna ko lambar? Ko dai irin wannan kes ɗin yaudara ce kawai?

Sarkin Fanka:
Wa alaikumus salam. Yaudara ce mana. Mayar da fankarka ka huta. Ƙarfe ba ya hura iska.

Mai Saba Uku:
Ni kuma akasin naka ne ya same ni, har na so buɗe zance a kai. Nawa kes ɗin idan Pi yana aiki sosai ba na iya barin tafin hannuna a kai na ƙirga goma. Amma lambar ba ta taɓa wuce 63 ba. Kullum gabana na faɗuwa kar wata rana ya ƙone.

Malamar Fizis:
Wa alaikumus salam. Ku biyun nan da za ku yi musayar damuwa da kun dace. Mai Saba Uku, naka lafiyarsa lau. Ɗan Koyo, naka ne ke da ciwo, kuma sanyin da kake ji a hannu shi ne alamar ciwon.

Kes mara fanka ba ya kashe zafi, hanya yake ba shi ya fita. Zafin yana tashi ne daga cif ɗin furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke tsakiyar allon Pi, ya bi ta wani ɗan ginshiƙi da ke cikin murfin kes ɗin, ya bazu a jikin ƙarfen gaba ɗaya, daga nan iskar ɗaki ta kwashe. Idan hanyar a buɗe take, dole jikin kes ya yi zafi, domin nan ne zafin ya koma. Idan cif yana 82 kes kuma yana ɗumi-ɗumi, to zafin yana ciki a kulle, bai sami gadar tsallakawa ba. Ƙanena, buɗe kes ɗin ka duba 'yar katifar nan mai laushi da ake sawa tsakanin cif da ginshiƙi. Abu biyu nake zargi: ko ba ta taɓa ginshiƙin, ko ba ka ɓare ledar jikinta ba.

Ɗan Koyo:
Malama na ɓare leda fa. Na tuna sarai, shuɗiya ce.

Malamar Fizis:
Guda nawa ka ɓare?

Ɗan Koyo:
Ɗaya. Akwai wata ne?

Tsohon Mai Gyara:
Hahaha, an zo wurin. Yaro, fuska biyu ce da ita, kowace da ledarta. Ɗayar mai launi ce, ɗayar kuma fara ce sol kamar ba komai, sai ka sa farce a gefe kafin ka gane tana nan. Kar ka ji kunya, ni ma da furfurata ta taɓa yi min haka. Na haɗa wani allo, na ɗaure sukuru huɗu, na yi kwana biyu ina zagin kes ɗin a raina, ashe ni ne mai laifin. Idan ka buɗe, ka kuma duba ko katifar ta yi shaidar dannawa. Wadda ta zauna daidai za ka ga sawun cif ɗin ya fito a jikinta, murabba'i sak kamar an buga hatimi. Idan ta fito sumul ba sawu, ba ta taɓa komai ba tun ranar da ka rufe.

Sarkin Fanka:
Duk wannan wahalar a kan me? Su kansu masu Raspberry Pi da suka fitar da Pi 5 a 2023 ai fanka suka yi masa, har da wurin jona ta a jikin allo. Da ƙarfe kaɗai ya isa da ba su ɓata lokacinsu ba.

Malamar Fizis:
Gaskiya ne sun yi wa Pi 5 fanka, amma ka faɗi rabin labari ka bar rabi. Kamfanin nan dai shi ya fitar da Pi 400 a 2020, wanda kwamfutar ke cikin allon rubutu. Ba fanka ko ɗaya a cikinsa, faranti ne na ƙarfe mai faɗi a ƙarƙashin maɓallai, kuma yana gudu a 1.8 GHz lokacin da Pi 4 na asali ke 1.5. Ka ga ashe ƙarfe yana isa idan an ba shi faɗi.

Bambancin Pi 4 da Pi 5 wuta ce. Pi 4 idan an matsa masa iyaka yana iya shan wajen wat 8, Pi 5 kuma wajen wat 12. Duk wutar da allo ya sha, a ƙarshe zafi take zama, ba ta da wata mafita. Saboda haka kes ɗin da ya riƙe Pi 4 cikin kwanciyar hankali ba lallai girmansa ya ishi Pi 5 ba idan za a yi ta ba shi aiki mai nauyi ba hutu.

Sarkin Fanka:
To ai kin dawo kan maganata Malama.

Malamar Fizis:
Ban dawo ba. Mai tambaya Pi 4 gare shi, kuma aikinsa tare talla da ajiye hoto. Wannan aikin yawancin yini allon zaune yake yana hamma. Sa masa fanka kamar ka ɗauki mai gadi ne ya tsare ɗakin da ba kowa.

Mai Saba Uku:
Ku dakata, ku fara cire min tsoro. Da gaske zafin nan da ke ƙona min hannu ba zai lalata allon ba?

Tsohon Mai Gyara:
Ba zai lalata ba. Hannun mutum ma'auni ne mai tsoro. Ƙarfen da ya kai digiri 50 ba za ka iya daɗewa a kansa ba, alhali ga cif digiri 50 shan iska ne. Kuma ƙarfe ya fi roba cizo a hannu ko da zafinsu ɗaya ne, saboda yana zuba maka zafin cikin fata da sauri. Shi Pi yana da birkinsa. Idan ya kai 80 sai ya fara rage gudun furosesa da kansa, idan ya kai 85 ya ƙara taka birkin sosai. Abin da za ka yi asara shi ne sauri. Kai da kake 63 ko kusa da birkin ba ka je ba. Abu ɗaya dai, kar ka ɗora masa littafi ko ka cusa shi cikin durowa ka rufe, domin iskar da ke kewaye da shi ita ce fankarsa.

Ɗan Koyo:
Jama'a na buɗe. Baba ka yi gaskiya, ledar tana nan, fara ƙal, a gefen da ke kallon ginshiƙi. Kuma sawun da ka ce ban gan shi sosai ba, gefe ɗaya ne kawai ya ɗan lotsa. Akwai katifa biyu a cikin kwalin, siririya da mai kauri, ni siririyar na sa. Ko in haɗa su biyun in ɗora?

Malamar Fizis:
A'a, kar ka haɗa. Gwada mai kaurin ita kaɗai, ka rufe, ka sake buɗewa ka ga ko sawu ya fito ko'ina. Dokar ita ce mafi sirantar katifar da za ta cike gurbin ta ɗan matsu. Bari in nuna maka dalili da lissafi, ba shi da wuya.

Kowane abu yana da yadda yake barin zafi ya ratsa shi. A ma'aunin da ake amfani da shi, jan ƙarfe yana wajen 400, alminiyam tsantsa wajen 237, gaurayen da ake yin kes da shi ya ɗan gaza haka. Roba wajen 0.2 take. Iska kuwa 0.026 kacal. Ita katifar zafi ta gama-gari ba ta wuce 'yan lambobi ƙalilan ba, mu ɗauka 3. Ka ga ke nan katifar ba gwana ba ce, ta fi iska ne kawai nesa ba kusa ba, shi ya sa ake sa ta: ta kori iskar da ke tsakanin ƙarfe biyu.

Mu ɗauka saman cif ɗin milimita 15 ne ta kowane gefe, kuma wat 5 ke bi ta wurin. Katifa mai kaurin milimita 1 za ta ci maka kusan digiri 7, wato cif zai fi ginshiƙi zafi da digiri 7. Ka ninka kaurin ya zama milimita 2, asarar ta zama kusan 15. Shi ya sa na ce kar ka ɗora biyu, ga kuma iskar da za ta maƙale a tsakaninsu. Amma idan aka bar gurbin iska ko da rabin milimita ne, lissafin sai ya haukace, zafin ba zai bi ta nan ba sam, sai dai ya nemi hanya ta jikin allo. Abin da ya same ka ke nan. Ledar ma laifinta bai kai na rashin taɓawar ba.

Mai Buga 3D:
Tunda jan ƙarfe ya fi, me ya hana a yi kes ɗin da shi gaba ɗaya?

Tsohon Mai Gyara:
Nauyi da wahalar ƙira. Jan ƙarfe ya ninka alminiyam nauyi fiye da sau uku. Kuma ba a nan gizo ke saƙar ba. Zafi ba ya shan wahala a cikin ƙarfen, inda yake cijewa shi ne wurin fita daga ƙarfe zuwa iska. A nan faɗin jiki ne ke magana. Shi ya sa kake ganin kes masu haƙarƙari a baya, don a ƙara fatar da iska za ta shafa. Su ma haƙarƙarin idan an cusa su kusa da juna ba su da amfani ga kes mara fanka, iska ba ta iya ratsawa da kanta. Masu tazara sun fi.

Mai Buga 3D:
To baƙi da fari fa? Na ji an ce baƙin kes ya fi sanyi.

Malamar Fizis:
Akwai ƙamshin gaskiya amma an karkatar da ita. Ban da iska, ƙarfe yana fitar da zafi ta wani haske da ido ba ya gani. Alminiyam mai sheƙi kamar madubi malalaci ne a wannan fannin, abin da yake fitarwa bai kai kashi 10 cikin 100 na iyakar abin da zai yiwu ba. Wanda aka yi wa rufin nan na lantarki da ke sa shi ya dushe yana fitar da wajen kashi 80. Rufin ne ke aikin, launin da aka rina shi da shi bai cika canza komai ba. Ja ko shuɗi ko baƙi, in dai rufin ne, kusan ɗaya suke. Inda launi ke da magana shi ne a rana, a nan kuwa baƙin shi zai fi shan wuya.

Sarkin Fanka:
Ni dai na gwada da kaina, ba labari aka ba ni ba. Na sa wa allo aiki, minti biyar na farko kes ɗin ƙarfe ya burge ni, lamba tana ƙasa. Na tafi na dawo bayan awa ɗaya na tarar ta haye sama tana neman 80. Fanka kuwa inda ta tsaya a minti na biyar nan za ka same ta gobe.

Malamar Fizis:
Yauwa, wannan maganar taka ta fi ta farko nauyi, kuma na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Da yawan masu yabon kes a intanet gwajin minti biyar suke yi, wanda ba ya nuna komai sai nauyin ƙarfen. Kes mai giram 100 na alminiyam yana buƙatar makamashi wajen jul 90 (wat ɗaya jul ɗaya ne a daƙiƙa) kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya. Idan wat 5 ke shiga, daƙiƙa 18 ke nan kowane digiri. Kafin ya hau digiri 30 an yi minti 9, ko da ba ya zubar da komai a iska, kuma tunda yana zubarwa, hawan ya fi haka jinkiri. Duk tsawon wannan lokacin cika yake yi kamar randa. Sai ta cika za ka san ko magudanar ta isa. Wanda zai gwada kes da gaske ya sa stress-ng, manhajar da ke ɗora wa furosesa aiki mai nauyi, ya bar shi aƙalla rabin awa zuwa awa, har lambar ta daina motsi.

Amma wannan randar ita ce kuma alherinsa ga mai aiki irin na Ɗan Koyo. Aikin da ke zuwa minti biyu ya wuce, ƙarfen zai shanye shi ba tare da cif ya ji ba, ya huce a hankali kafin wani ya zo.

Tsohon Mai Gyara:
A ƙara da wannan: duk lambar da wani ya faɗa muku, ku tambaye shi zafin ɗakinsa. Kes mara fanka tazara yake riƙewa tsakanin cif da ɗaki. Wanda ya sami 65 a ɗaki mai digiri 22, in ya kai allon ɗaki mai 35 zai ga wajen 78, da kes ɗin da aikin duk ba su canza ba. Sarkin Fanka, ina jin naka ɗakin ba mai sanyi ba ne.

Sarkin Fanka:
Ba mai sanyi ba ne kam Baba. Kuma bidiyo nake juyawa da shi, yana iya yin awa uku a kan aiki ɗaya.

Tsohon Mai Gyara:
To kai fanka ta kama ka, ba mai ja da kai. Sai dai ka daina rubuta wa kowa maganin ciwonka. Ni abin da ya raba ni da ƙananan fankoki shi ne ba sa sallama idan za su mutu. Wata ta taɓa tsaya min a cikin rufaffen kes ɗin roba, ƙura ta daskare a gindinta kamar auduga, ban sani ba sai da na ga komai yana jan ƙafa. Allon ya fi wata guda yana dahuwa a cikin akwatin da ba ƙofa. Ƙarfe kuwa ba abin da ke juyawa a jikinsa balle ya gaji.

Mai Saba Uku:
Akwai abin da ba wanda ya taɓo: Wi-Fi. Tun da na koma kes ɗin ƙarfe, allon da ke ɗaki na biyu ya riƙa yankewa. Eriyar Pi a jikin allon take, ka rufe ta da ƙarfe ta ko'ina ka ga ai ka sa ta a kurkuku. Daga ƙarshe dai kebul na ja masa.

Mai Buga 3D:
Shi ya sa wasu kes ɗin, irin na kamfanin Flirc, ƙasansu roba ne, sigina na samun wurin fita. Wasu kuma suna barin taga daidai kusurwar eriya. In za ka saya ka duba wannan tun kafin. Bluetooth ma eriyar ɗaya suke amfani da ita, in kana da linzami ko allon rubutu mara waya zai shafe su.

Ɗan Koyo:
Na dawo da rahoto. Na sa mai kaurin, na ɓare leda biyu da idona, na ɗaure sukuru a gicciye kaɗan-kaɗan kamar yadda na ga ana yi. Na sake buɗewa don in tabbata, sawu ya fito fes ta kowane gefe. Yanzu a zaune 47 yake. Na sa stress-ng minti arba'in, ya tsaya a 66 bai ƙara ba. Kes ɗin kuwa yanzu ya yi zafin da na gane abin da Mai Saba Uku ke faɗa. Na gode ƙwarai Malama, na gode Baba, Allah Ya ƙara basira.

Amma ga wani abu. Kafin in kashe shi ɗazu na buga vcgencmd get_throttled, umarnin da ke nuna ko allon ya taɓa taka birki, ya ba ni 0x70000. Yanzu bayan gyara da gwaji ya ba ni 0x50000. Na zaci sifili zan gani.

Malamar Fizis:
Amin. Wannan kuma wani ciwon ne daban da zafin ya ɓoye maka. Lambar tarin tutoci ce. 0x10000 na nufin wuta ta taɓa yin ƙasa tun da aka kunna, 0x20000 an taɓa ƙayyade gudun furosesa, 0x40000 an taɓa taka birki. Ɗazu duka ukun ne suka haɗu suka ba ka 7. Yanzu ta tsakiya ta tafi, saura 1 da 4, wato wutar da ke shiga allon tana faɗuwa ƙasa da wajen bolt 4.63 idan aiki ya yi nauyi, shi kuma yana rage gudu don ya tsira. Da wace caja kake ba shi wuta?

Ɗan Koyo:
Cajar tsohuwar wayata ce, da wani dogon kebul.

Tsohon Mai Gyara:
Ga ɓarawon nan. Pi 4 yana son bolt 5.1 da amfiya 3, kuma dogon kebul siriri yana shanye wutar a hanya ko da cajar ta isa. Fara canza kebul ɗin zuwa gajere mai kauri ka gani, in bai daina ba ka nemi cajar da aka yi dominsa. Kuma ka sani 66 ɗin nan da ka samu da allo mai taka birki ka same shi. Idan wuta ta daidaita ya saki gudunsa duka, lambar za ta ɗan hau, kar ka tsorata.

Sarkin Fanka:
Idan ta hau ta wuce 80 ina nan ina jiran ka, akwai fanka biyu a durowata.

Mai Saba Uku:
Kafin ka kai ga fankarsa, gwada tsayar da kes ɗin a gefensa maimakon kwantar da shi. Iska mai zafi sama take yi, in yana tsaye tana shafar fuska biyu tana wucewa, in yana kwance ƙasan a toshe yake. Ni na ga ragin digiri uku zuwa huɗu a nawa da wannan kaɗai. In kuma har yanzu kana son ragi, ana iya sauke arm_freq, wato gudun furosesa, kaɗan a fayil ɗin saiti na config.txt, Pi-hole ba zai ma san an yi ba.

Ɗan Koyo:
Na canza kebul, na sake kunnawa, na maimaita gwajin awa ɗaya cur. get_throttled ya ba ni 0x0. Zafi ya tsaya a 71 yana kwance, na tsayar da shi ya sauko 68. Yanzu matsalata ɗaya, kebul ɗin gajere ne, in na tsayar da kes ɗin sai ya riƙa jan sa yana faɗuwa.

Mai Buga 3D:
Auna min faɗin kes ɗin da kaurinsa da milimita ka turo, zan zana maka 'yar ƙafa da za ta riƙe shi a tsaye. Ka faɗa min kuma ta wane gefe kebul ɗin wutar yake fitowa.